Darasi Kan Wutar Rana a Bisa Rufin Gida

Darasin da muka zaɓa bana a kan wutar rana ne, wadda jama'a ke ce wa sola. Abin da ya sa muka zaɓe shi, yawancinmu daga ƙauye muka fito, inda turakun lantarki ba su kai ba. Mun san yadda ake tilawa da dare a gaban wutar kara, hayaƙi yana sa ido hawaye.

A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Kuma har zuwa 2023, mafi yawan wutar ƙasar daga Najeriya ake sayo ta. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, har Yamai sai da ta sha duhu. Rana kuwa ba mai iya yanke mana ita. Tun da daɗewa Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa ga binciken ƙarfin rana.

To yaya abin yake aiki? Kaya uku ne ginshiƙi. Pano shi ke juya haske ya zama lantarki. Batir shi ke ajiye wutar don dare. Sai 'yar na'urar da ke tsakaninsu, wadda ke hana batir cika fiye da ƙima.

Ga lissafi mai sauƙi. Pano mai wat 100, in ya samu awa 5 na rana mai ƙarfi, zai tara wat-awa 500. A cire abin da ke ɓacewa cikin waya da batir, a ce saura 400. Ƙwan fitila huɗu masu wat 5, in sun yi awa 5 a kunne, 100 kawai za su ci. Saura 300 ke nan, ya isa a yi cajin salula kamar 20. A ce kowace salula dala goma ce, ka ga jika guda ke nan a yini. Mai hali da ya ƙara pano da batir zai iya sa firij, ya sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, musamman cikin azumi.

Amma fa akwai sharuɗɗa. A kafa pano yana kallon kudu, a ɗan karkace, inda inuwar bishiya ba ta faɗa masa. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura da tsumma mai laushi, don ƙura na rage wutar sosai. In rufin kwano ne, a bar tazara iska ta ratsa, domin zafi na rage ƙarfin pano. Batir kuwa shi ne mai saurin mutuwa: irin na ruwa ba a son a zuƙe shi fiye da rabi. Duk wanda ke samun kuɗin caji, ya riƙa ware na sabon batir tun daga ranar farko, in ba haka ba wata rana pano zai zama ado kawai.

Babbar matsala ita ce kuɗin farko, tunda a dunƙule ake biya. Shawararmu ga iyaye, gida uku ko huɗu su yi adashi bayan kaka, a fara da gida ɗaya. Mu kuma ɗalibai mu koyi haɗawa da gyara, kada ƙaramin fis ya ƙone a jira mai gyara daga birni har sati biyu.

Allah ya sa mu amfana da abin da muka karanta.