Madubi biyu da haske ɗaya: lissafin da ke bayan babur da kyamarar waya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Daura zuwa Baure ta Zango da daddare ya ga wannan abu. Fitilar mota tana haska babur ko keke daga nesa, sai jar robar da ke bayansa ta ƙyalla kamar an kunna ta, alhali babu batir a cikinta. Ko babur ɗin ya ɗan karkace, ƙyallin yana nan. Madubin ɗaki ba ya yin haka: in bai fuskanci mai haskawa sak ba, sai ya wurga hasken wani gefe. Amsar tana cikin wani darasin fizis da masu shirin WAEC da JAMB ke haɗuwa da shi, wato kusurwar karkatar haske tsakanin madubai biyu.

A fara da madubi ɗaya. Idan haske ya faɗa kan shimfiɗaɗɗen madubi, kusurwar da ya shigo da ita daidai take da wadda zai fita da ita. Ana auna su ne daga layin da ke tsaye cak a kan fuskar madubin, ba daga fuskar kanta ba, kuma a nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Idan kusurwar shiga ita ce A, hasken ya kauce daga hanyarsa ta farko da digiri 180 − 2A.

Yanzu a haɗa madubai biyu baki da baki kamar littafi a buɗe, kusurwar da ke tsakaninsu a kira ta K. Haske ya bugi na farko da kusurwa A, ya wuce ya bugi na biyu da kusurwa B. Jimillar karkatarsa ita ce (180 − 2A) + (180 − 2B), wato 360 − 2(A + B). Madubai biyun da hasken da ya ratsa tsakaninsu sun zana alwatika mai kusurwoyi K, da 90 − A, da 90 − B. Tunda kusurwoyin alwatika 180 suke bayarwa, dole A + B ya zama K. Saboda haka karkatar ita ce 360 − 2K.

A lura da abin da ya ɓace daga amsar: babu A, babu B. Ta ko'ina hasken ya shigo, muddin ya bugi kowane madubi sau ɗaya, kusurwar da ke tsakanin madubin ce kaɗai ke yanke hukunci. A gwada da K = 60. In A ta zama 20, B za ta zama 40, karkatar 140 + 100 = 240. A canja A zuwa 35, B ta koma 25, sai a samu 110 + 130, har yanzu 240. Wasu littattafai kan ba da amsar a matsayin 2K, wato 120. Abu ɗaya ne: juyawar 240 ta dama daidai take da 120 ta hagu. Sai a duba wadda ke cikin zaɓin da aka bayar.

In K ta zama 90, karkatar 180 ce cif, hasken ya koma inda ya fito. Aikin robar bayan babur ke nan. A cikinta akwai ɗimbin ƙananan lunguna masu fuska uku-uku, kamar kusurwar ɗaki inda bango biyu suka haɗu da daɓe. Fuska ta uku ita ke sa dabarar ta yi aiki ko hasken ya zo daga sama ko ƙasa. Irin wannan na'ura 'yan sama jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969, kuma har yau ana harba mata leza don auna nisan wata.

In K ta zama 45 kuwa, hasken yana juyawa da digiri 90 daidai. Da wannan ake gina gilashin nan mai gefe biyar da ke saman manyan kyamarorin Canon da Nikon masu madubi, wanda ke kawo hoto idon mai ɗauka.

Wayoyin hannu sun bi wata hanyar. Waya siririya ce, gilasan zuƙo hoto kuma suna son tsawo, sai aka kwantar da su a cikin jikinta, aka sa firizim ya lanƙwasa hasken da digiri 90. Huawei P30 Pro ta fito da wannan a 2019, Infinix Zero X Pro a 2021, iPhone 15 Pro Max ta 2023 kuma sau huɗu take lanƙwasa hasken. Inda fuska ɗaya ce ke juya haske, kariyar madubi biyu ba ta nan: fuskar ta motsa da digiri 1, hasken ya motsa da 2. Wasu kamfanoni sun mayar da wannan riba, suna girgiza firizim ɗin da gangan don ya soke rawar hannun mai ɗaukar hoto.

Mai son gani da idonsa ya samo ƙananan madubai biyu, ya tsayar da su a digiri 90 a kan farar takarda cikin ɗaki mai duhu, ya haska 'yar leza ta goga takardar. Ya juya madubin biyu tare: layin da ke fitowa zai matsa gefe kaɗan, amma kullum yana jere da na shiga. Hasken yana komowa wajen mai riƙe da lezar ne, don haka a kawar da ido daga saitin takardar.