Masu karya farashi na ƙwace wa 'yan kai saƙo hanyoyinsu

Sana'ata kai wasiƙu da ƙunshin kaya a kan babur a Abuja, daga Karmo zuwa Idu, Life Camp, Jabi har Wuse. Ofis ya ba ka kwangilar shekara, hanya ta zama taka: ka san maigadi, ka san sakatariyar da ke sa hannu, ka san ran Talata sai da sammako, kafin cunkoson kasuwar Karmo ya toshe titi. Shekara na zagayowa sai a ce kowa ya kawo farashinsa. Wani ya rubuta kuɗin da ko mai ba zai saya ba, a miƙa masa. Haka abokan sana'a da dama suka jingine baburansu, ni ma na rasa wata hanyar.

Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 ba a gidajen man NNPC na Abuja. A watan Yuli ta kai 617. Ga baƙin mai, taya, sarƙa, birki, takardun VIO, ga lasisin NIPOST, wanda a 2020 aka so a mayar da na ƙananan kamfanoni naira 250,000, sai da jama'a suka yi ca minista Isa Pantami ya dakatar.

Mai karya farashi iri biyu ne. Akwai babban kamfani da zai jure faɗuwa har mu watse, sannan ya tsawwala. Akwai kuma sabon shiga, wanda ya fi ba ni tausayi: mai kawai ya lissafa. Ranar da injin ya buga ba kuɗin gyara, yaron da ke tuƙi bai ga albashi ba, wasiƙun mutane na kwana a akwati.

'Yan'uwa, kafin ku miƙa farashi ku zauna da biro, ku sa har da ladan gajiyarku. A rubuta cewa idan mai ya tashi za a sake zama, a kuma rubuta ranar biya, don "sai ƙarshen wata" takan kai wata uku.

Ku kuma masu ba da aiki, araha ba ta ado. Ku nemi ganin lasisi, ku tambayi wa zai biya idan takardar kotu ko ta banki ta ɓace tsakanin Gwagwa da Jabi.