Ƙa'idojin Zayyanar Zamani a Madubin Adon Hausa: Darasi ga Matashi Mai Koyo a Dutse

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ƙa'idojin da ake bi wajen tsara fasta da tambari da katin gayyata, ta kuma auna su da adon gargajiya da ake samu a Dutse da kewayenta. Manufarta ita ce ta nuna cewa matashin da ke koyon wannan sana'a yana da misalan ƙa'idojin a gida tun kafin ya buɗe manhaja. Haka kuma ta tsaya a kan matsalar haruffa masu lanƙwasa, sannan ta kawo kayan aiki da hanyar koyo.

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka mayar da Dutse babban birninta, buƙatar rubutu mai ado ta yi ta ƙaruwa a garin. Ma'aikatu na buƙatar allunan sanarwa, 'yan siyasa na buƙatar fasta, masu biki na buƙatar kati, 'yan kasuwa kuma na son tambarin da za a gane hajarsu da shi. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara yawan matasan da ke riƙe da kwamfuta da wayar zamani. Da dama daga masu shiga wannan sana'a suna koyonta ne a waya, ko a shagon buga takardu a ƙarƙashin maigida. Abin da irin wannan koyo ya fi bayarwa shi ne iya sarrafa manhaja. Dalilin da ya sa wani tsari ke karantuwa, wani kuma ke rikita ido, ba kasafai ake bayyana shi ba.

A wannan maƙala an yi amfani da kalmar "zayyana" da ma'anar tsara rubutu da hoto da launi domin isar da saƙo. Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, inda take nufin ƙawatawa, kuma Hausawa sun daɗe suna kiran adon allon saukar Alƙur'ani da ita.

2.0 Tushen Ƙa'idojin

Ƙa'idojin da ake koyarwa a yau an tattara su ne galibi a Turai cikin ƙarni na 20. Makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919, ta dage a kan cewa amfanin abu shi ke jagorantar siffarsa. A 1923 masanin halayyar ɗan Adam Max Wertheimer ya bayyana yadda ido ke haɗa abubuwan da ke kusa da juna, ko masu kama da juna, ya ɗauke su rukuni guda. Daga baya Robin Williams, a littafinta The Non-Designer's Design Book na 1994, ta taƙaita wa mai koyo ƙa'idoji huɗu: bambantawa da maimaitawa da jerantawa da kusanci.

Waɗannan masana sun bai wa ƙa'idojin suna, amma masu sana'a a al'ummu daban-daban sun riga sun yi aiki da su. Ɗaliban zane da suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958 sun fahimci haka. Ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya koma ga zanen uli na Ibo ya haɗa shi da dabarun da ya koya a aji. Wannan tafarki ne maƙalar ke ba matashin Dutse shawarar ya bi da adon Hausa.

3.0 Ƙa'idojin da Misalansu na Gida

3.1 Bambantawa

Bambantawa ita ce raba abubuwa ta launi ko girma ko kauri domin kowanne ya fito da aikinsa. Alƙur'anin da alarammomi ke rubutawa da hannu misali ne cikakke. Ana rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, a yi wasali da ja, a sa hamza da rawaya, alifin sadarwa kuma da kore. Kowane launi yana da aiki guda, kuma ba ya sauya aikin daga shafin farko har na ƙarshe. Mai zayyanar da ya zuba launi bakwai a fasta guda ba tare da ya san aikin kowanne ba, ya saɓa wa wannan tsari.

3.2 Fifiko da Kusanci

Magina na gargajiya sukan tara ado a kewayen ƙofar zaure, su bar sauran katanga da sauƙi, domin baƙo ya san mashiga tun daga nesa. Haka ya kamata sanarwar wa'azi ko ta ɗaurin aure ta kasance. Mai wucewa a kan babur yana da 'yan daƙiƙu ne kawai, don haka sai a fifita abu ɗaya da girma, na biyu ya bi shi, na uku ya biyo baya. Rana da lokaci da wuri kuwa a tara su a gu ɗaya, tun da tambaya guda suke amsawa. Idan aka rubuta komai da manyan haruffa masu kauri, babu abin da aka fifita ke nan.

3.3 Maimaitawa da Jerantawa

Mai ɗinkin hula yana ɗaukar siffa guda ya yi ta maimaita ta a kan layi har ta zagaye kai, haka ma mai saƙar faifai. Bangayen fadar Sarkin Dutse da ke Garu, masu zane mai tudu da launuka masu haske, suna nuna wannan ƙa'ida a babban fili: launukan suna da yawa, amma maimaita siffofi da jera su a kan tsari ya hana su zama hayaniya. Darasin shi ne a taƙaita salon haruffa zuwa biyu a aiki guda, a kuma jera layukan rubutu a kan gefe ɗaya.

3.4 Daidaito

Sabon mai koyo yakan ɗauka cewa daidaito shi ne ajiye komai a tsakiya. Babbar riga mai aska takwas ta nuna akasin haka. Nauyin aikin yana ɓangaren hagu ne, wajen aljihu, sai tambari a dama ya rama masa. Ɓangarorin biyu ba su yi kama ba, amma rigar ba ta karkata a ido. Hoto babba a gefe guda da taƙaitaccen rubutu a ɗaya gefen suna iya yin irin wannan ma'auni.

3.5 Taƙaitawa da Barin Sarari

Zane-zanen shanu da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, an yi su ne da siffar jiki da ƙaho kawai, amma ana gane su nan take. Tambari mai kyau haka yake. Wanda zai yi wa mai sayar da dabino a kasuwar Shuwarin tambari, sai ya gwada shi da baƙar tawada kaɗai, a girman kan hatimi. In ya karantu a haka, zai karantu a allon talla.

4.0 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta taimaka wajen yaɗa daidaitacciyar ƙa'idar rubutu. Duk da haka, alluna da fastoci da yawa suna zubar da lanƙwasar. Illar tana taɓa ma'ana kai tsaye: "kishin ƙasa" ya koma "kishin kasa", "masaukin baƙi" ya koma "masaukin baki", "ƙarya" ta koma "karya".

Musabbabin na fasaha ne. Tsarin Unicode ya ware wa kowane harafi lambarsa: ɓ tana da U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ kuma U+0199. Amma ba kowane salon haruffa ne aka zana masa su ba. Idan salon bai da su, kwamfuta takan aro harafin daga wani salo, ya fito bare a tsakiyar kalma, ko ta nuna ɗan akwati a gurbinsa. Mai zayyana da ke sauri sai ya goge lanƙwasar ya huta.

Maganin yana da sauƙi. Kafin a zaɓi salo, a buga Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ a ga yadda suka fito. Salon Charis da Andika da Gentium na cibiyar SIL, da dangin Noto na Google, duk suna ɗauke da su, kuma kyauta ne. Ga mai aikin ajami, cibiyar ta fitar da salon Alkalami, wanda aka gina a kan rubutun hannu irin na Kano. Kafin a kai aiki maɗaba'a kuma, a mayar da haruffan zane, domin kada kwamfutar mai bugu ta sauya su.

5.0 Kayan Aiki da Hanyar Koyo

CorelDRAW ce manhajar da ta fi yawa a shagunan bugu na Nijeriya, saboda haka mai neman aiki yana buƙatar saninta. Wanda bai da halin saye yana iya koyo da Inkscape da GIMP, waɗanda kyauta ne, mai waya kuma ya fara da Canva ko PixelLab. Akwai abubuwa uku da ya wajaba a sani, ko wace manhaja aka riƙa. Na farko, fuskar kwamfuta tana haɗa launi ne da haske uku, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, shi ya sa launi ke dusashewa a takarda idan ba a sauya tsarin zuwa CMYK ba. Na biyu, hoton da za a buga a takarda yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci. Na uku, tambari ana yin sa ne da zanen layi mai miƙuwa, domin hoton ɗigo-ɗigo yana fashewa in aka faɗaɗa shi.

Ta fuskar atisaye, mai koyo ya kwafi zayyanar allo guda da fensir, ya ƙirga launukanta da siffofin da aka maimaita. Daga nan ya ɗauki wata fasta da ya gani a titi, ya sake tsara ta da launi biyu da salon haruffa guda. A ƙarshe ya nuna wa wanda bai san zancen ba na daƙiƙa biyar, ya tambaye shi abin da ya karanta. Amsar ita ce alƙalin aikin.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙa'idojin zayyana suna nan a allo da riga da hula da bangon fada, kuma mai koyo a Dutse zai fi saurin gane su ta waɗannan misalai. An kuma ga cewa kiyaye haruffa masu lanƙwasa wani ɓangare ne na ƙwarewar sana'ar. A nan ne masu nazarin Hausa ke da rawar takawa. Yaro yakan ci karo da rubutun allon titi fiye da yadda yake buɗe littafi, kuma abin da ya gani shi zai ɗauka daidai. Ya dace sassan Hausa su daidaita kalmomin wannan fage, su kuma haɗa kai da sassan kimiyyar kwamfuta da masu shagunan bugu wajen horar da matasa, domin rubutun da ke bangayen gari ya bi ƙa'idar da ake koyarwa a aji.