Mai Juna Biyu, Ki Yi Hattara da Man Kawo Naƙuda

Idan ciki ya shiga wata tara, shawara ba ta ƙarewa a gidajen unguwar Ƙofar Dumi. Wata ta ce a sha man zurman, wata ta ce a shafa man kanumfari ko na kirfa daga kemis ɗin Islamiyya.

'Yar'uwa, irin waɗannan mayuka na ƙananan kwalabe an tatso su ne da ƙarfi sosai. Suna ƙona fata idan ba a sirka ba, balle a sha ko a yi matsi da su. Shi kuwa man zurman, abin da aka tabbatar yana kawowa shi ne zawo da tashin zuciya, jiki ya bushe tun kafin naƙudar ta zo. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ta fi kowa shiga haɗari, domin naƙudar dole tana iya yaga mahaifa.

Haihuwa tsakanin mako 37 da 42 daidai take. Idan kin kai mako 41 shiru, koma wurin awo, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda ake tayar da naƙuda ana sauraren bugun zuciyar jariri. In kuwa kika ga jini, faya ta fashe, ko motsin ɗa ya ragu, kada ki jira gari ya waye. Allah Ya sauke ki lafiya.