Shayi mai ƙarfi: zaɓen ganye da dafa shi

Da asuba garin Malbaza yake tashi. Manyan motoci suna jiran lodi kusa da masana'antar siminti. Waɗansu kuma sun ɗauko albasa daga Galmi, za su yi Ƙonni ko Yamai. A bakin babbar hanya mai shayi ya riga ya hura wuta. Ya jera kofuna, da burodi, da gwangwanin madara bisa tebur. Direbobi da ma'aikata suna zaune a kan benci. Kowa yana son shayi mai ƙarfi.

Teburin shayi ba ɗaya ba ne a bakin hanya. In shayin mutum ya yi salam, masu saye sai su koma teburin maƙwabci. In ya yi ɗaci ma, haka. To, ina ƙarfin shayi yake fitowa? Mutane da yawa suna zaton daga daɗewa bisa wuta ne. Ba haka ba ne. Ƙarfin shayi yana fitowa daga abu huɗu: ganye mai kyau, awo daidai, tafasasshen ruwa, da lokaci.

Ganye biyu, itace ɗaya

A kasuwannin Malbaza da Ƙonni da Illela ana sayar da ganyen shayi iri biyu. Akwai kore, wanda ake dafawa cikin ƴar buta bisa gawayi, a sha sau uku cikin ƙananan kofuna. Yawancinsa daga ƙasar Sin yake zuwa. Akwai kuma baƙi, wanda ake sha da safe, da madara ko ba madara. Mutane sukan kira shi Lipton, ko da ba na wannan kamfani ba ne.

Duka biyu daga itace ɗaya ake tsinko su. Wurin gyara ne suka bambanta. Koren ganye, da an tsinko shi sai a gasa shi ko a turara shi, don kada launinsa ya sake. Baƙin ganye kuwa, sai a bar shi ya yi yaushi, a murza shi, a shimfiɗa shi ya sha iska, sannan a busar. Iskar ce take sake masa launi. Haka farin goro yake yi: in an fasa shi aka ajiye, sai ya yi ja. Ruwan baƙin ganye ma ja ne, shi ya sa mutanen Sin suke ce masa jan shayi.

Inda ake noma shi

Itacen shayi ba ya yi a Nijar. Yana bukatar ruwan sama milimita 1200 ko fiye a shekara. A yankin Ƙonni kuwa, abin da ake samu bai wuce wajen milimita 500 ba. Saboda haka duk ganyen da ke kasuwa daga waje ya zo.

Ƙasar Sin ce ta fi kowa noman shayi, sai Indiya. A Indiya akwai wani yanki mai suna Asam. An fara sayar da shayinsa a birnin Landan a 1839. Ganyen Asam yana da kauri da nauyi a baki. A tsibirin Siri Lanka an fara gonar shayi a 1867, kuma a can ne Thomas Lipton ya sayi gonakinsa a 1890. Ganyen tsibirin ya yi suna wajen ƙamshi. A Afirka, an fara dasa shayi a Kenya a 1903. Yau Kenya tana cikin manyan masu sayar da baƙin ganye a duniya, kuma a birnin Mombasa ake gwanjonsa. Ganyenta yana ba da ja mai kyau da sauri. A Najeriya ma ana noman shayi bisa tudun Mambila, cikin jihar Taraba.

Yawancin shayin da ke cikin kwali gauraye ne. Kamfani yakan ɗebi ganyen wata ƙasa don kauri, na wata don launi, na wata don ƙamshi, ya haɗa su. Wanda yake son shayin da zai ɗauki madara ba tare da ya yi salam ba, sai ya nemi wanda ke da ganyen Asam ko na Kenya a ciki.

Zaɓen ganye

Mai shayin kirki ba ya saye da ka. Da farko yakan karanta kwali. Yakan duba ƙasar da ganyen ya fito, da ranar da zai lalace. Sau da yawa da Faransanci ko da Ingilishi ake rubuta wannan. A nan ɗan makaranta zai iya taimakon iyayensa.

In ganyen na awo ne, sai a duba shi da ido. Mai kyau baƙi ne ko ja mai duhu, girmansa ɗaya, ba tsinke ba ƙura. Sai a murza kaɗan a hannu: busasshe yakan karye, wanda ya sha laima ba ya karyewa. Daga nan sai a shinshina. Ganyen shayi yana ɗaukar warin abin da ke kusa da shi. In an ajiye shi kusa da sabulu, ko kananzir, ko albasa, ya ɓaci ke nan. A gida sai a zuba shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da ruwa.

Girman ganye ma yana da amfani. Ƙanana, masu kama da ƙwayar gero, suna sakin ƙarfinsu da wuri. Irinsu ne cikin ƴar jakar takarda mai zare. Manya suna bukatar lokaci.

Yadda ake dafawa

1. A wanke buta, a ɗauraye ta da ruwan zafi.
2. A tafasa sabon ruwa har ya yi ta ɓulɓula. Zafinsa ya kai digiri 100 ke nan.
3. A auna ganye: ƙaramin cokali ɗaya, wato garam 2 zuwa 3, ga kowane kofi. Litar ruwa ɗaya tana ba da kofi 4 ko 5.
4. A sauke ruwan, a zuba bisa ganye, a rufe.
5. A jira minti 3 in ganyen ƙanana ne, minti 5 in manya ne.
6. A tace. Sannan a sa sukari da madara.

Wanda yake son ƙarin ƙarfi, ganye zai ƙara, ba lokaci ba. Ga dalili. A cikin ganyen akwai wani abu mai suna kafeyin, mai korar barci, irin wanda ke cikin goro. Shi da ƙamshi suna fitowa tun a mintocin farko. Akwai kuma wani abu mai bauri da ake kira tanin. Shi kuwa yana ta fitowa muddin ganye yana cikin ruwa. In aka bar shayi yana ta tafasa, ƙamshi ya tafi da tururi, bauri ya rage. Sai a cika sukari don a danne ɗacin. An yi hasarar gawayi, an yi hasarar sukari.

Citta da kanumfari ba su sakin ƙamshinsu da wuri. Su ake fara tafasawa cikin ruwa, ganyen shayi ya zo daga baya.

Ruwa ma yana da nasa hali. Ƙasar Malbaza tana da farin dutse, wanda da shi ake yin siminti. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan sa shayi ya yi duhu, ya yi ƴar yana a sama. Yanar ba ta cutarwa. Ɗigon lemun tsami yana hana ta. Amma ba a haɗa lemun tsami da madara, don madarar za ta tsinke.

Shayi da lafiya

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta. Wannan alheri ne. Amma tanin yana rage ƙarfen da jiki ke samu daga abinci kamar wake da gero, kuma da ƙarfen nan ne jiki ke yin jini. Saboda haka ya fi kyau a jira kamar awa ɗaya bayan cin abinci kafin a sha shayi mai ƙarfi. Mata masu ciki da yara ƙanana su suka fi bukatar wannan kiyayewa. Shayi mai ƙarfi da dare yana hana barci, ɗan makaranta ya wayi gari yana gyangyaɗi cikin aji. Yawan sukari kuma yana ɓata haƙora.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin koren ganye da baƙin ganye?
2. Don me ba a noman shayi a Nijar?
3. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke ba shayi ƙarfi?
4. Me yake faruwa in shayi ya daɗe bisa wuta?

Lissafi

Mai shayi yana sa garam 3 ga kowane kofi. Yana sayar da kofi 50 a yini. Kwana nawa kilo ɗaya da rabi na ganye zai yi masa?

Aikin gwaji

Ku ɗauki kofi biyu. Ku sa ganye cokali ɗaya cikin kowane, ku zuba tafasasshen ruwa. Ku tace na farko bayan minti 4, na biyu bayan minti 15. Ku ɗanɗana ba sukari. Ku rubuta abin da kuka ji da Hausa, sannan da Faransanci.