Sai Iri Ya Kwana a Ƙasa Nake Rubutu a Kansa

Aikina malamin gona ne, ina kuma rubuta shawarwarin lambu. Shi ya sa da zarar rani ya kama sai dillalan kayan gona su fara aiko mini da kaya: gwangwanin irin tumatir, ledar irin albasa, kwalbar takin ruwa mai hoton barkono kamar a tsinka a ci. Saƙon ɗaya ne: "Malam, a ɗan ambace mu." Nakan karɓa da sharaɗin cewa sai abin ya shekara a lambuna, kuma abin da na gani shi zan faɗa. Wasu daga nan ba na sake jin ɗuriyarsu.

Gwajin farko ba ya cin kuɗi. Ka ƙirga ƙwaya 100, ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai zuwa goma ka ƙirga waɗanda suka tsira. A irin albasa asiri ya fi tonuwa, domin shi ba ya jure ajiya; wanda ya haura shekara a shago cikin zafinmu, da wuya ya tsira da kyau.

In ya tsallake wannan, sai fangali. A nan ne mutane da yawa ke ruɗar kansu. Mutum ya shuka sabon iri a wuri mafi kyau, ya zuba masa taki, ya lallaɓa shi, sannan ya ce iri ya yi. Ai kulawar ce ta yi. Ni nakan jera sabon kusa da wanda manoma suka saba da shi, rana ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, in maimaita a wani ɓangaren lambun saboda ƙasa ba ta zama ɗaya. Maganin feshi ma haka: dole a bar kunyar da ba a fesa ba, in ba haka ba da me za a kwatanta?

Albasa kuwa tana da nata sirrin da hoton leda ba ya faɗa. Tsawon yini ne ke sa ta yin kai. Irin arewacin Turai yana neman hasken awa 14 zuwa 16, mu kuwa a ƙasar Hausa yininmu ba ya wuce awa 13. Ka shuka shi, lawashi ya yi shar, ka tona ka tarar da wuya mai kauri ba kai. Iri ba jabu ba ne, ba na nan ba ne kawai. Albasar Galmi ta Nijar ta yi suna ne don ta dace da gajeren yininmu.

Tumatir a hunturu kusan kowane iri yana yi. Jarrabawarsa tana watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kakkaɓe fure. Kuma in leda ta ce F1, kada ka ɗebi iri daga 'ya'yansa, abin da zai fito gauraye ne.

Wanda ya ga 2016, lokacin da tsutsar sharon ta cinye tumatir a Kadawa, ya san yadda kwalabe marasa asali ke cika kasuwa idan manomi ya shiga uku. Kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC ko buɗe ta ba na yi. Mai lamba kuma nakan duba kwana nawa za a jira tsakanin feshi da ɗiba.

In ana ganin na cika jan rai, a duba Samaru. Waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken gona ta IAR da ke can ya yi kusan shekara goma ana gwada shi kafin a sake shi a 2019, kuma ko shi tsutsar da ke huda fure da kwanso kaɗai yake karewa, sauran ƙwari sai da feshi.

Lambuna jigawa ce, naka wataƙila fadama. Don haka ko na yaba iri, ka fara sayen ƙaramar leda, ka ba shi fangali guda. Ledar kuma kada ka yar. Lambar da ke jikinta ce hujjarka in ka kai ƙorafi hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC.