Digirin Bayoloji Ba Mafakar Masu Gudun Kemistiri Ba Ce

Duk shekara, da zarar an buɗe rajista, ɗalibai na zuwa ofishina da fom ɗin kwasa-kwasai domin in duba in sa hannu. Aikin ba wa ɗaliban Bayoloji shawara kan rajista ya nuna mini wani abu da nake so iyaye da ɗaliban sakandare na Bauchi da kewaye su ji tun kafin yaro ya hau motar harabar Gubi ko ya shiga harabar Yelwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaɓar Bayoloji sun zaɓe ta ne bisa zaton cewa nan ne babu lissafi, babu Kemistiri, sai zanen ganye da haddar sunayen ƙasusuwa. Wasu kuma likitanci suka nema bai samu ba, suka shigo da niyyar zaman jira. Waɗannan rukuni biyu su ne na fi ganin suna tuntuɓe a shekarar farko.

Tun daga ƙofa ake gane haka. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. A jarrabawar JAMB kuma, ban da Turanci da Bayoloji, sai an haɗa da Kemistiri, sannan Fiziks ko Lissafi, gwargwadon abin da jami'ar ta gindaya. Iyaye, don Allah ku duba kundin JAMB na shekarar kafin a biya kuɗin fom. Yaro ya ci maki mai yawa da haɗin darussa mara kyau, makin ba zai amfane shi ba.

Idan an shiga aji ɗaya, Bayoloji kaɗan ce a cikin fom. Tsarin CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya tsara kashi 70 cikin ɗari na manhaja, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. A cikin wancan kashi 70 ɗin, ɗalibin aji ɗaya zai haɗu da BIO 101 da 102 da firaktikal ɗinsu, amma gefensu akwai CHM 101 da 102, da MTH 101, da PHY 101, da darasin kwamfuta, da kwasa-kwasan GST na Turanci da al'adun Najeriya. Ɗalibi kan tambaye ni: “Malam, ni da zan karanta halittu, ina ruwana da waɗannan?”

Ruwansa yana nan tsundum. Yadda ganye ke sarrafa hasken rana ya zama abinci, yadda ciki ke narkar da tuwo, yadda DNA ke kwafar kanta, duk Kemistiri ne. Wanda bai iya haɗa sinadari daidai awo ba, ba zai iya komai a ɗakin gwaje-gwaje ba. Dokokin gadon halitta da Gregor Mendel ya fitar daga shukar wake, da rabon nan na uku bisa ɗaya, lissafi ne tsagwaronsa. Ɗalibin da ya ɗebo ruwa daga madatsar Gubi, wadda Bauchi ke sha daga gare ta, domin ya gwada tsabtarsa ko ya ƙirga dodon-koɗin da ke iya ɗauke da ƙwayar tsargiya, sai ya san ƙididdiga kafin alƙalumansa su zama hujja. Haka wanda zai bi diddigin ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da jiharmu ke cikin waɗanda ta fi addaba a ƙasar nan, ko mai nazarin giwayen Yankari. Irin waɗannan ayyuka muke so yaranmu su iya, kuma ina jin ciwo idan na ga mai basira ya rasa su saboda ya raina CHM 101.

Ga yadda asarar ke faruwa. Kowane kwas yana da yunit. A tsarin maki biyar, A tana da biyar, F ba ta da komai. Idan ka ci B a kwas mai yunit uku, ka tara maki goma sha biyu. Idan ka faɗi, ka tashi da sifili, amma yunit ukun nan suna cikin abin da za a raba jimillar makinka da shi. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, na biyu babba daga 3.50. F biyu a aji ɗaya kan bi mutum har ranar yaye shi, domin a lokacin yunit ɗin da aka tara kaɗan ne, kowane rami yana da zurfi, kuma cike shi daga baya yana cin shekaru.

Sai batun kari-oba, wanda ya fi komai cin ɗalibaina. Dole a fara rubuta kwas ɗin da aka faɗi a fom kafin sababbi, alhali akwai iyakar yunit da ake yarda a ɗauka a zango guda, yawanci 24. Wasu kwasa-kwasan kuma tsani ne: ba za ka taka na sama ba sai ka wuce na ƙasa. Wanda Kemistirin aji ɗaya ya riƙe, yana iya samun ƙofar wani kwas na aji biyu a rufe, wannan kuma ya tura na aji uku gaba. Da haka ake ƙara shekara. A jami'ar fasaha, inda digiri kan ɗauki shekara biyar, ƙarin shekara ta shida nauyi ne babba ga uban da ke sayar da hatsi ko tunkiya don biyan kuɗin makaranta. Akwai kuma iyakar shekarun da doka ta yarda ɗalibi ya yi kafin a sallame shi ba digiri.

Halartar lakca kashi 75 cikin ɗari sharaɗi ne na shiga jarrabawa, firaktikal kuma ba a ramuwarsa da karatun dare. SIWES, horon sanin makamar aiki da asusun ITF ke kula da shi, kwas ne mai yunit da maki, don haka a nemi wurin da za a taɓa madubin ƙara girma da hannu: ɗakin gwajin asibiti, hukumar ruwa, gandun daji, ko cibiyar binciken noma. Furojet ɗin ajin ƙarshe daga nan yake samun tushe.

Ga wanda ya riga ya samu gurbi, ka karɓi littafin ƙa'idojin sashenku a makon farko, ka ja layi ƙarƙashin duk kwas ɗin da aka ce sai an ci wani kafin a ɗauke shi. Kada ka kwafi fom ɗin abokinka, domin tarihin sakamakonku ba ɗaya ba ne. Ka kawo wa mai ba ajinku shawara sakamakonka na baya tare da sabon fom kafin a rufe rajista, ka kuma ajiye kwafin da aka sa wa hannu, domin shi za a nema idan makin wani kwas bai fito ba.